In Ɓera da Sata, Daddawa Ma da Wari

Jama'a masu sauraro, musamman 'yan uwana na gabashin Sakkwato, mutanen Sabon Birni da Isa da ƙauyukan bakin iyaka, tare da waɗanda ke kama mu daga tsallake, a ƙasar Maraɗi.

Sharhinmu na yau a kan ɓera ne, wato kusu. Na san wani zai ce, malam, ana fama da masu bindiga, wa ke ta kusu? Ku ba ni aron hankalinku kaɗan, domin maganar kusu da maganar rashin tsaro a wannan yanki namu sun haɗu a wuri guda, kuma wurin da suka haɗu shi ne ɗakin da muke kwana.

Magabata sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Galibi a kan rigimar mutane ake kawo wannan karin magana, a nuna kowane ɓangare yana da nasa laifi. Amma wanda ya fara faɗin ta ya san ɓera da gaske. Idon ɓera ba shi da ƙarfi, hancinsa ne jagoransa. Da dare yake fita, yana bin gindin bango, yana shinshina. Gidan da ƙanshin abinci ke fita daga cikinsa, kuma abincin yake a sake, can zai tare, ya haƙa rami, ya hayayyafa. Gidan da ya shiga dare biyu, dare uku bai sami komai ba, sai ya ƙara gaba. Saboda haka kafin mu tambayi mai shago wane magani ya fi kashe ɓera, sai mu fara tambayar kanmu me muka ajiye masa.

Kakanninmu sun daɗe da amsa wannan tambaya, kuma amsarsu ita ce rumbu. Tun Gobirawa na zaune a Alƙalawa, kafin birnin ya faɗi a 1808, arzikin talakan wannan ƙasa gero ne, kuma gero yana da gidansa daban da na mutum. Ku dubi yadda ake gina rumbu ko ruhewa. Ba a kafa shi a ƙasa kai tsaye, sai an ɗora shi a kan duwatsu, iska na wucewa ta ƙarƙashi, kyanwa ma na iya ratsawa. Bakinsa a sama yake, an kife shi da jinka. Jikinsa a shafe yake sumul, babu wurin da farce zai kama. Sannan ana zuba hatsi ne da zangarniyarsa, dami-dami, ba a sussuke ba, sai ranar da ake bukata a ɗebo na kwana kaɗan a kai wa mata. Kuma an janye shi daga ɗakunan kwana, wani ma a bayan gari yake. A cikin ɗaki kuwa, mace tana da ragaya da take rataye ƙwaryar nono ko fura, tana da faifai a kan kowane akushi. Duk wannan ilimi ne da aka gada, kuma ya yi aiki.

To me ya canza? Kun fi ni sani. Babu wanda ya manta ranar 27 ga watan Mayu na 2020, lokacin da aka afka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa, aka kashe mutum sama da 70. Kafin wannan rana da bayanta, hare-haren da aka kai wa ƙauyukan Sabon Birni da Isa sun sha haɗawa da fasa rumbuna ko cinna masu wuta. Manomin da ya ga haka ba zai sake barin guminsa na shekara a bayan gari ba, kuma babu mai ganin laifinsa. Sai ya yi girbi da gaggawa, wani lokaci hatsin bai gama bushewa ba, ya sussuke, ya ɗura a buhu, ya kawo cikin gida. Wanda ya yi gudun hijira daga ƙauye zuwa cikin Isa ko Sabon Birni, ko ya tsallaka wajen Gidan Rumji a ƙasar Maraɗi, abin da ya tsira da shi yana nan a ɗakin da aka ba shi aro. Buhun gero a kusurwa, buhun wake a ƙarƙashin gado, tukunyar tuwo a bakin ƙofa, yara a kan tabarma a tsakiya. Rumbu ya dawo ɗakin kwana, ɓera kuma ya biyo shi.

Bari mu tsaya a kan abincin kansa, domin ba duka ne ke da ƙarfin kira iri ɗaya ba.

Hatsi shi ne tushe. Gero, dawa, maiwa, masara, da shinkafar fadamar Rima, su ne abincin ɓera na asali, kuma buhun leda saƙaƙƙe da muke sayowa a kasuwa bai tare masa komai. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro har ya mutu, shi ya sa dole ya yi ta gurgura, ko yana jin yunwa ko ba ya ji. Buhu, tabarma, gidan sauro, wayar lantarki, takardun makaranta, har kuɗin da aka ɓoye a ƙarƙashin katifa. Hatsin da aka riga aka niƙa ko aka ɓarza ya fi wanda ke da ƙaiƙayinsa jan ɓera, domin ƙanshinsa ya fita kuma babu wahalar ci. Garin tuwo a buɗaɗɗen kwano, tsaki, garin kwaki, da gumbar da aka daka aka bari sai da safe, duk gayyata ce.

Amma abin da ya fi kiran ɓera daga nesa shi ne mai maiƙo da mai wari. Gyaɗa ce kan gaba, ita da 'ya'yanta: ƙuli-ƙuli, tunkuza, dakuwa, da man da ya ɗiga a ƙasa wajen tuya. Uwayenmu masu sana'ar ƙuli a cikin gida, ina roƙonku ku saurari wannan da kyau, domin turmin da aka matse tunkuza ba a wanke ba, da kaskon da aka kife da mai a jikinsa, sun isa su ciyar da ɓeraye har gari ya waye. Sai bandar kifi da masunta ke kawowa daga gulbi, da kilishi, da ƙashin naman da yaro ya tsotsa ya jefa bayan randa. Sai man shanu. Sai ita daddawar da aka yi karin magana da ita. Akwai kuma wani sabon abu da ya shigo gidajenmu a 'yan shekarun nan, wato abincin nan na leda da asibiti ke bai wa yara masu tamowa. Da gyaɗa da madara da sukari da mai ake haɗa shi, duk abin da ɓera ke so a leda guda. Uwa ta yi tafiya mai nisa, a kan hanya mai haɗari, ta karɓo wa ɗanta, ta ajiye a kwali a ƙasa, da safe ta tarar an huda rabi. Ledar da ɓera ya huda ba ta da sauran amfani ga yaron da jikinsa ya riga ya yi rauni. A saka wannan abinci cikin kwalla ko samira mai murfi, kuma ledar da yaro ya gama sha a ƙone ta, kada a yar a tsakar gida.

Akwai abincin da ba mu ɗauke shi abinci ba, shi ya sa ba mu tsare shi. Dusar da aka jiƙa wa tumaki ta kwana a turke. Hatsin da aka watsa wa kaji da marece ba su cinye ba. Ƙanzon da ke jiƙe a tukunya. Ruwan wanke-wanke da aka zubar a bakin madafi da guntattakin tuwo a ciki. Yanzu kuma da tsoron ɓarayin dabbobi ya sa mutane ke kwana da bisashensu dab da ƙofar ɗaki, dusa da harawa da kowar wake duk sun matso kusa da shimfiɗa. Ku ƙara da ruwa. Babban ɓera yana bukatar shan ruwa kullum, don haka randar da ba ta da murfi ita ce ke cika masa zama: ga ci, ga sha, ga maɓoya a bayan buhu.

Mu yi ɗan lissafi. Babban ɓera yakan ci kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinsa a rana, a ce giram 20. In ɓeraye 10 ne a gida, kuma wannan ba yawa ba ne ga gidan da ke da buhunan hatsi, to giram 200 ke nan a rana, kilo 6 a wata, tiya biyu da ɗoriya. Wannan abin da ya shiga cikinsu ne kawai. Wanda suka ɓata da fitsari da kashi da gashi, da wanda ya zube daga ɓular buhu ƙwari suka samu hanya, ya fi wanda suka ci. A gidan da maigida ya biya kuɗi kafin a bar shi ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin a bar shi ya yi girbi, kowace tiya da hawaye aka same ta. Ba ta cancanci a bar wa kusu ita ba.

Kuma ɓera ba ya jiran ka shirya. Irin wanda ya fi yawa a gidajen karkara na Afirka ta Yamma shi ne mai nonuwa da yawa, wanda masana ke kira Mastomis. Macen takan yi ciki na kwana ashirin da 'yan kai, ta haifi 'ya'ya 10 zuwa 12 a lokaci guda, wani sa'in fiye da haka, kuma ba ta jimawa take sake ɗaukar wani cikin. Dattawa za su tuna cewa bayan manyan fari da aka yi, da ruwa ya dawo ciyawa ta yi yabanya, an yi annobar ɓeraye a ƙasashen Sahel a 1975 zuwa 1976, aka sake yi a 1986 zuwa 1987. Da damina yana daji da gona. Da kaka ta wuce, aka kwashe amfani, aka ƙone ciyawa, sai ya bi hatsi zuwa gida.

A nan ne maganar ta tashi daga asara ta koma rai. Wannan ɓera mai yawan nonuwa shi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa. An fara gano cutar a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Barno ta yanzu, inda ta kama ma'aikatan jinya na mishan. Shi ɓeran ba ya ciwo, yana yawo da ita ne kawai, yana zubar da ita a fitsari da kashinsa. Mutum yana kamuwa in ya ci abincin da ɓera ya yi wa fitsari, ko ya shaƙi ƙurar busasshen kashinsa wajen shara, ko ya taɓa jininsa wajen fiɗa. Daga nan tana iya tsallakawa daga majinyaci zuwa mai jinyarsa ta hanyar jini da sauran ruwan jiki. Lokacin da ta fi tashi a Najeriya shi ne rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, daidai lokacin da ɗakunanmu ke cike da buhuna.

Gaskiya ita ce jihohin da suka fi fama da Lassa su ne Ondo da Edo da Bauci da Taraba da Ebonyi. Sakkwato ba ta cikin na gaba-gaba, kuma ba na son in tsorata kowa da abin da ba haka ba. Amma kada nisa ya ruɗe mu. A watan Janairu na 2020 cutar ta kashe likitoci a Kano, kuma a wannan shekarar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da kamuwar mutum sama da 1,000 da mutuwar sama da 200. Irin ɓeran yana nan tare da mu, motocin hatsi da na albasa suna kai da kawowa tsakaninmu da Kudu kullum, 'ya'yanmu 'yan ci-rani suna tafiya suna dawowa. Abin da ya fi damuna shi ne cutar tana farawa ne kamar zazzaɓin cizon sauro: jiki ya yi zafi, kai ya yi ciwo, kasala, ciwon maƙogwaro. A cikin mutum biyar da suka kamu, kusan huɗu ba sa jin jiki sosai, amma na biyar yakan kwanta rai a hannun Allah, kuma daga cikin waɗanda suka tashi akwai masu rasa jinsu. Maganin da ake bayarwa ya fi aiki in an fara shi a kwanakin farko. Yanzu ku auna wannan da halin da muke ciki, inda asibitocin ƙauye da yawa ba su da ma'aikata, kuma fita da mara lafiya da dare sai an yi shahada. Mu ne mutanen da bai kamata mu bari cutar ta same mu ba tun farko. Duk wanda zazzaɓi ya ƙi sauka bayan ya sha maganin maleriya kwana biyu zuwa uku, a kai shi asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Lambar NCDC ta kyauta ita ce 6232.

Wani abu kuma da manoma suka sani: inda ɓera ya yi yawa, maciji na nan tafe, domin abincinsa ne. Ramin da kusu ya haƙa a gindin bango, ta nan mugun baƙo ke shigowa.

Addininmu bai bar wannan babi ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a rufe ƙorai, a ɗaure bakin salkar ruwa, a kulle ƙofofi, a kashe fitila lokacin kwanciya, kuma ya ambaci ɓera da kansa a matsayin mai iya jan lagwani ya ƙone gida. An kuma tambaye shi game da ɓeran da ya faɗa cikin man shanu, ya yi umarni a cire shi tare da abin da ke kewaye da shi a zubar. Ɓera yana cikin dabbobin da aka halatta kashewa ko mutum yana cikin harami. Malamanmu na Isa da Sabon Birni da Gatawa da Bafarawa, wannan darasi ne da ya dace a ji shi a majalisin karatu da huɗubar Juma'a a farkon kaka. Matar da ta kife faifai a kan tuwo da dare, sunna ta raya.

Na san abin da yawancinmu ke yi in ɓera ya ishe mu: a aika yaro ya sayo shinkafar ɓera. Jama'a, a ɗakin da yara ke rarrafe, wannan caca ce da rai. Yaron da ya ga guntun kifi ko ƙuli a ƙasa bai san an barbaɗa masa guba ba. Kaji suna ci su mutu, kyanwar da ta ci ɓeran da ya sha guba ita ma ta bi shi, ka ga ka kashe mai taimakonka da hannunka. Mafi haɗari shi ne ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake ko masara don kashe ƙwari, irin su Phostoxin. Da ta ji danshi sai ta saki iska mai guba, kuma wannan iskar ba ta tsayawa a cikin buhu. An yi ta ne don rufaffen sito da babu mai kwana a ciki. Wallahi, kada wanda ya saka ta a buhun da ke ɗakin da iyalinsa ke barci. Haka fiya-fiya, ba abin yayyafa wa abinci ba ne.

Ko da gubar ta kashe goma yau, in abinci yana nan a sake, wasu goman za su maye gurbinsu daga maƙwabta kafin wata ya ƙare. Don haka hana shi abinci ne kan gaba. Wanda ke da hali ya nemi durom na ƙarfe mai murfi, ya busar da hatsinsa sosai kafin ya zuba, domin haƙorin ɓera ba ya cin ƙarfe. Wanda bai da shi, akwai buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007, kuma masu binciken noma na Maraɗi sun yi aiki a kansa sosai. In an ɗaure kowace leda da kyau, iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba, ƙanshin hatsin ma ba ya fita sosai. Amma shi ma ɓera na iya huda shi, don haka a ɗora shi a kan katako ko duwatsu, a janye shi daga jikin bango yadda mutum zai iya zagayawa da tsintsiya. Ɗan abin da ake ci kullum, gari da gyaɗa da kifi da daddawa, a saka a tukunyar ƙarfe ko ta ƙasa mai murfi mai nauyi. A dawo da ragaya. A wanke kwanuka da dare, kada a bari sai safe. A kwashe dusar da ta rage kafin magariba. Ramin da ke gindin bango a cusa masa tsakuwa ko fasasshiyar kwalba kafin a liƙe, domin ƙaramin kusu yana ratsa ɓular da ba ta fi kaurin fensir ba. In za a share kashin ɓera, a yayyafa ruwa da sabulu ko bilic tukuna, kada a tayar da ƙura. Shanyar rogo da barkono da hatsi a gefen titi ko a ƙasa, a kwashe ta kafin rana ta faɗi. Yara masu farautar ɓera da gafiya da rani su gasa, iyaye ku hana su.

Tarko yana aiki in an san halin ɓera. Babban ɓera yana tsoron sabon abu, don haka a ajiye tarkon a gindin bango da ɗan ƙuli a kai, a bar shi ba a ɗana ba na dare biyu ko uku har ya saba, sannan a ɗana. Wanda aka kama kada a ɗauka da hannu tsirara, a sa leda, a binne ko a ƙone. A riƙe kyanwa. Ita ma mujiya da muke jifa muna cewa tsuntsuwar sharri ce, ɓera ne babban abincinta, a ƙyale ta ta yi aikinta. Kuma gida ɗaya ba ya cin wannan yaƙi shi kaɗai, tunda katanga ɗaya ce tsakaninka da maƙwabcinka. Masu unguwanni su sa rana, unguwa ta fito gaba ɗaya, a kwashe juji, a ɗana tarkuna a mako guda.

Sauran magana ta hukuma ce. Ana kawo wa 'yan gudun hijira tallafin shinkafa da masara da gero, muna godiya, amma ana miƙa masu ne a buhun da ɓera ke hudawa a dare ɗaya, su kai ɗakin da mutum takwas ke kwana. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, da Gwamnatin Jihar Sakkwato, da ƙungiyoyin agaji, duk iyalin da za a bai wa hatsi a haɗa masu da mazubi mai murfi ko buhu mai ruɓi uku. A gina sito na gayya a cikin garuruwan da ke da jami'an tsaro, a ƙarƙashin kulawar sarakuna da amintattun mutane, inda manomin ƙauye zai kai buhunsa a rubuta sunansa, ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. A tura malaman tsabta su zaga makarantu da kangaye da mutane suka fake a ciki kafin sanyi ya shigo. Sama da komai, a tsare mana ƙauyukanmu yadda manomi zai sake gina rumbunsa a inda ubansa ya gina, ya kwana da iyalinsa, hatsinsa ya kwana a waje.

Kafin wannan rana ta zo, maigida, yau da dare ka ɗauki tocila ka leƙa bayan buhunanka da ƙarƙashin gadonka. In ka ga kashin ɓera ko ɓula a buhu, gobe da safe ka fitar da kayan, ka gyara ɗakin, ka toshe ramin, kuma ka gaya wa maƙwabcinka shi ma ya duba nasa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a abin da muka noma.